Saƙon Karimatu Bai Yi Ƙara Ba

Runjin Sambo, Sakkwato.
Ranar Litinin.

Zuwa ga matata Karimatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarki da ƙarfin jikinki. Yaya ciwon kan? Kumburin ƙafar ya sauka? Ina fata kina shan maganin da likita ya rubuta, ba ki tura shi ƙarƙashin katifa ba kamar yadda kika saba yi wa na zazzaɓi. Ina gaida Baba da Inna da yayanki Ja'afar da duk mutanen gidanku na Ƙofar Rini. Allah ya ba mu haƙurin abin da muka rasa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni. Hannun da ya saba da wuƙar fawa bai jin daɗin biro, ki yi haƙuri da rubutun. Ba ni da wata hanya ne. Kin kashe wayarki. Na zo gida ya fi a ƙirga, Inna na cewa kina barci, alhali daga zaure ina jiyo tarinki a tsakar gida. Shi ya sa na ba ƙanwata Murja wannan ta kawo miki hannu da hannu.

Ranar da abin ya faru ina kwata, ina tsakiyar fiɗa, Ja'afar ya kira ni ya ce kin faɗi kina jijjiga, an wuce da ke asibiti. Da rigar jini na hau babur. Kafin in iso an shiga da ke, da aka fito kuma aka ce ke kin tsira, yaron bai zo da rai ba. Ke ba ki gan shi ba, kina kwance ba ki san inda kanki yake ba. Ni na gan shi. Hancinki ne da shi. Ni na ɗauke shi a hannu har maƙabarta, kuma tun ranar hannun nan bai koma daidai ba.

Da muka dawo, a barandar asibiti Ja'afar ya ja ni gefe, ya ɗora mini wayarki a fuska. Saƙonni ne jere, daga ke zuwa gare ni, wasu rubutu wasu murya, kowane da alamar ya isa. Ya ce, "Duba nan. Tana kiran ka tana ƙarawa, kai kana bisa waya kana tallan nama. Mi tai maka?" Bai bari na karanta ko ɗaya ba, ya maida ita aljihu.

Karimatu, wallahi tallahi ko ɗaya bai shigo mini ba. Wayata ba ta yi ƙara ba, ba ta yi rawa ba, ba ta nuna komai ba. Kin san alkawarin da muka yi da za ki tafi goyon ciki: ba kira, tunda ba za ki iya ɗaga wayar miji a gaban Inna ba, sai dai saƙo ta Wasaf. Na riƙe alkawarin. Daga baya sai na nemi sunanki a jerin masu turo mini saƙo na rasa. Na ɗauka fushi kika yi kika toshe ni, saboda maganar da na yi miki cewa ki rage turo saƙo da rana. Ni ma sai na hau dokin zuciya, na ce bari mu ga wanda zai fara sauka. Duk Juma'a na aiko Murja da hanta da tsoka, ta dawo ta ce kina gaishe ni, sai in ce a raina lafiya lau kike, jan aji ne kawai.

Murja ta gaya mini abin da Inna ta ce: in kin yi arba'in za a zauna, kuma ke da bakinki kin ce ba ki komawa gidan mutumin da ya ga kukanki ya kau da kai. Tun da na ji maganar nan abinci ya daina wuce mini. Na rasa ɗa, ban shirya rasa uwarsa ba. Gobe zan kai wayar nan wurin mai gyara, sai ta faɗi inda ta kai saƙonninki.

Ki huta lafiya. Allah ya ƙara sauƙi.

Mijinki,
Aƙilu.

Runjin Sambo, Sakkwato.
Ranar Asabar.

Karimatu,

Sallama da gaisuwa. Yaya jiki, yaya wanka? Murja ta ce kin rame amma kin fara cin abinci, na gode wa Allah. Ta ce kin karɓi takardata kin sa ƙarƙashin matashi ba ki ce komai ba. Ban damu ba. Tunda ba ki jefa ta murhu ba, zan ƙara wata.

Na kai wayar Sabon Gari wurin wani mai gyara, Zaharaddeen, mai rumfa a bakin titi. Mutum ne mai haƙuri, ba ya ɗaga murya. Ya tambaye ni abin da ke damunta, na ce saƙo ne ba ya shigowa da ƙara. Ya ce na kowa da kowa? Ga mutane cike da benci, har da wani dattijo sa'ar Baba. Sai na ji bakina ya ce ai na wani abokin ciniki ne. Ni Aƙilu, da duk kwata aka sani da baki, wanda Rundawa, 'yan uwana mahauta, ke cewa ko sa na yi wa magana sai ya kwanta da kansa, na kasa cewa matata a gaban mutane.

Ya bi ta ɗaya bayan ɗaya yana nuna mini. Ya duba ko an rage ƙarar, tana nan a cike. Ya duba wata alama mai kama da jinjirin wata, wadda in an kunna ta waya ke yin gum, ya ce a kashe take. Ya shiga inda ake ba kowace manhaja izinin sanar da mutum, izinin na nan. Sai ya zo kan abin tattalin batir, ya tarar a kunne. Ni na kunna shi da kaina tun lokacin zafi, da wuta ta yi mana ƙaura a Runjin Sambo. Ya ce wannan yakan sa waya ta kwantar da manhajoji barci, saƙo ya tsaya a hanya. Wallahi sai da na ji wani sanyi a raina. Na ce to ga mai laifi, rashin wuta ne, har na fara shirya yadda zan rubuto miki.

Bai bar ni na ji daɗin ba. Ya ce ko da hakan ne, da zarar na buɗe Wasaf da hannuna komai zai zubo, ni kuwa kullum sai na buɗe. Ya kashe abin duk da haka, ya cire takunkumin data, ya sabunta manhajar, ya kashe wayar ya kunna. Ya turo mini saƙo daga tasa, ta yi ƙara har dattijon nan ya zabura. Ya sa wani ya turo, ta yi. Na Murja ma ya shigo muna zaune. Kowa a garin nan wayata na jin muryarsa, ban da ke.

Daga ƙarshe ya ce shi bai ga ciwo ba. In ina so a wanke ta gaba ɗaya, a goge komai ta koma kamar sabuwa, wataƙila wani abu ne ya maƙale a ciki. Na ce ya ba ni lokaci in yi shawara.

Tun ranar ba ni da sukuni. Na fara zargin kaina. Ina cewa anya ba su shigo ba ina cikin hayaniyar kasuwa na share da yatsa mai maiƙo? Jiya na yanka wa wata mata ƙirji alhali cinya ta ce, ta zage ni tas. Abokan sana'a da suka saba tsokanata duk sun yi shiru, shirun nan kuwa ya fi tsokanar ciwo. Na haɗu da Baba a Kara wurin shanu, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri.

Kayan jaririn da kika jera a kwalla suna nan yadda kika bar su. Murja ta ce a kawar, na ce kada wanda ya taɓa sai mai su ta dawo. Na yanke shawara ranar Talata zan koma a wanke wayar. In ba ta iya ba ni na baya ba, ko na gaba kada ta cinye.

Ki gaida Inna, ko ba ta amsa ba.

Naki,
Aƙilu.

Runjin Sambo, Sakkwato.
Ranar Laraba.

Karimatu, matata,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, jikin kuma yana ƙara ƙarfi. Ki zauna kafin ki karanta wannan. Na ga saƙonninki. Na saurare su duka.

Jiya na koma wurin Zaharaddeen a wanke wayar. Har ya jona ta da na'urarsa, sai ya ɗago ya ce in tuna fa, abin da ya tafi ya tafi ke nan, akwai abin da ba na so in rasa? Sai hotonki na ranar sallah ya faɗo mini a rai. Ban san lokacin da na ce masa ba wani abokin ciniki, matata ce, tun da cikinta ya tsufa na daina ganin saƙonta, har sunanta ya ɓace, kuma mun rasa yaron. A gaban mutane na faɗa. Ya zare igiyar ya ajiye, ya ce, "Haba malam, ai da ka hwaɗi haka tun ranar. Mutum guda na, ba waya ta ba."

Ya buɗe Wasaf. A can sama, kan duk sunayen, akwai wani ɗan akwati da rubutun Turanci, da lamba ɗaya a gefensa. Karimatu, kullum ina ganin akwatin nan. Kullum. Na ɗauka irin tallan nan ne da suke liƙa wa mutum. Ya taɓa shi da yatsa sau ɗaya, sai ga sunanki ke kaɗai a ciki. Ya ce wurin ajiya ne, duk wanda aka jefa ciki saƙonsa zai riƙa isowa amma ba ƙara, ba alama, sai ranar da aka fito da shi. Ya tambaye ni wa ya sa ki a ciki. A take na gane.

Ga abin da ban gaya miki ba lokacin da na ce ki rage saƙon rana. Wata ranar kasuwa a Kara na miƙa wa Baba wayata yana duba hoton wani farin bijimi da aka turo mini daga Illela. Tana hannunsa saƙonki ya faɗo a saman gilashi, ɓaro-ɓaro, da sunan nan na mahauci da kike kirana da shi: "Barunjena, ɗanka ya hana ni barci da shuri, kai kuma ka hana ni da tunani." Baba ya karanta, na ga idonsa ya bi layin. Ya kife wayar a kan benci ya tashi ya shiga cikin shanu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Daga nan na wuce rumfar Gazali mai cajin waya na ce ya yi mini dabara, kada maganar iyalina ta ƙara fitowa a fuskar waya. Ya latsa nan ya latsa can ya miƙo mini ya ce an gama. Ni a zatona kalmomin kawai ya rufe, ƙarar na nan. Ban tambaya ba, don ko tsayuwar da na yi a gabansa ina wannan bayani ta ishe ni kunya. Ba na ɗora wa Gazali komai. Abin da na roƙa ya yi mini.

Na zaga bayan rumfar na zauna a kan wani dutse na fara daga farko. Na farkon duk tsokana ce, kina cewa Barunje ya yi fushi an taɓa masa girma. Har kin ce in namiji ne kina so a sa masa Siddiƙu, sunan kakanki. Daga nan muryar ta fara sauyawa. Kin ce kanki kamar ana sara. Kin ce takalminki ya daina shiga, zobe ya kama yatsa. Kin ce kina ganin wasu ƙyalƙyali a ido, Inna ta ce zaƙi ne ta jiƙa miki saiwa, ke kuma ba ki iya yi mata musu, balle ki tunkari Baba da maganar ciki kina 'yar fari. Kin ce katin awonki na cikin durowata, in zo da shi in ce ranar awo ce ta zagayo, ba wanda zai hana miji. Duk da raɗa kike magana, ina jin ƙarar buta, na gane a bayan gida kike ɓuya ki yi.

Na ƙarshen gajere ne. "Barunje, in hushi kaka yi, aje shi ka zo ka kai ni asibiti. Tsoro nika ji."

Na duba ranar. A ranar nan na ɗora hoton tozo a Wasaf ina kiran masu saye, kuma kin gani. Na yi kuka a bayan rumfar nan kamar ba namiji ba, masu wucewa na kallo, ban damu ba. Da na zo da katin nan, da an auna jininki an ga ya hau. Ban san abin da Allah ya rubuta ba, ba na kuma jayayya da shi. Amma na san kin kira, kuma ni na rufe ƙofar da hannuna don kada surukina ya ƙara ganin 'yarsa na son mijinta.

A takardar farko na rantse miki ba su shigo ba. Sun shigo. Suna aljihuna duk tsawon lokacin nan. Ba zan ce ki yafe ba, ban ga da wane baki zan faɗa ba. Zaharaddeen ya fito da sunanki ya kafe shi a saman kowa, ya sa miki ƙara ta daban wadda ba mai irinta. Gobe zan sami Baba in gaya masa komai, tun daga bijimin.

Allah ya ba ki lafiya, ya huci zuciyarki.

Aƙilu.

Runjin Sambo, Sakkwato.
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Karimatu,

Sallama irin ta kullum, da fatan kina samun sauƙi. Murja ta ce kin fara fitowa tsakar gida kina shan hantsi, har kin yi mata faɗa a kan ɗaurin ɗankwali. Wannan labari ya fi mini komai daɗi.

Na sami Baba kamar yadda na ce. A zaure na same shi bayan la'asar. Ban taɓa haɗa ido da shi ba tun da aka ɗaura mana aure, ranar ma ban haɗa ba, amma ban rage komai ba. Na faɗi saƙon da ya gani, na faɗi zuwana wurin Gazali, na faɗi akwatin. Ya daɗe yana jan carbi. Na ɗauka korata zai yi. Sai ya ce, "Ni ma ina jin nishinta daga ɗakina, ban tambaya ba. Ɗiyar hwari ta."  Muka zauna har aka kira magariba.

Washegari na je maƙabarta. Na tsaya a kan ɗan kabarin na yi masa addu'a, na kira shi Siddiƙu, na gaya masa uwarsa ce ta zaɓa.

Sauran labarin kin san rabinsa, bari in ba ki rabin da ba ki gani ba. Jiya a Kara Baba ya kira ni da kansa, ya ce in nuna masa shanun da aka turo mini. Ban san ko shanun yake son gani ba ko so yake mutane su ga ya kira ni. Na miƙa masa wayar. Dillalai sun kewaye mu ana ta ciniki, sai ƙarar nan ta tashi, wadda ban taɓa ji ba tun ranar da aka sa ta.  Rubutunki ya fito a saman gilashi, a hannun Baba, kamar wancan karon: "Barunje, ka ji wannan?"

Wannan karon bai kife ta ba. Ya miƙo mini ya ce, "Amsa mata. Yanzu, nan gabana."

Ban tsaya rubutu ba, sai na danna na murya. Abin da kika ji ke nan, da kukan shanu da hayaniyar dillalai a bayansa. Na kira sunanki da ƙarfi a tsakiyar Kara, a gaban mahaifinki, har wani Bafillace ya waiwayo. Na ga alamar kin saurara. Ba ki ƙara cewa komai ba, ni ma ban matsa ba.

Ban ɗauki wannan a matsayin kin dawo ba. Na san zaman arba'in na nan, zan zo in zauna inda aka ce in zauna, in ji abin da kika yanke. Katin awon yana durowa, kayan suna kwalla, ɗakinki Murja na share shi duk safiya. Wayar kuwa tana aljihun gaba, ko ina fiɗa, ko a hannun wa take. Na rubuto ne kawai don hayaniyar kasuwa ta yi yawa jiya, ina tsoron ko amsar ba ta fito sosai ba.

Na ji, Karimatu. Na makara, amma na ji.

Ki gaida Baba da Inna da Ja'afar. Allah ya tashe mu lafiya.

Barunjenki,
Aƙilu.